Guntun Derayar da Aka Aiko wa Baba

Ni ɗan fari ne, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. A zongon Sokode wannan ba labari ba ne, haka muka tarar. Idan yana nemana sai ya ce a kira masa wancan. Idan muka haɗu a soro in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, in wuce. Duk maganar da ke tsakaninmu Gwaggo ce ke ɗauka, ƙanwarsa da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ita ta kai masa labarin ina son koyon gyaran keke maimakon fawa, ita kuma ta kawo mini amsar cewa in je in yi ta fama da baƙin mai tunda na raina nama. Har furfura ta fara fito mini a gemu ban taɓa jin nauyin wannan al'ada ba. Ina ma alfahari da ita, don ina ganin yaran yanzu suna zama benci ɗaya da iyayensu suna musu a kan ƙwallo.

Baba mahauci ne, amma a ƙuruciyarsa shi ake aikawa arewa sayen dabbobi, kuma a keke yake zuwa. A Dapaong yana da mai masauki, wani ɗan ƙabilar Moba dillalin shanu, wanda zama ya mayar da shi amini. Sun ci kasuwanni tare, sun kwana a daji tare, kowa ya halarci sunan 'ya'yan ɗan'uwansa. Da tsufa ya zo tafiya ta ragu, sai gaisuwa ta bakin direbobi. Keken dai Baba bai ajiye ba. Da shi yake zuwa mahauta da masallaci da gaisuwar mutuwa, yana buga ƙararrawar nan tasa mai ƙara kamar an jefar da kwanon sha.

Da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, Gwaggo ta zo rumfata ta ce wanta yana sauka ya tura keke a ɗan hawan da ke bayan kasuwa, kuma yana jin kunyar a gan shi. Na karɓi keken na sauya masa farantan ƙafar baya, waɗannan masu haƙora da sarƙa ke hawa. Na sa masa jeri mai manyan farantai, na ƙarshen ya kusa faifan tuwo. Idan sarƙa ta hau babban faranti feda takan yi laushi, tsoho ya hau tudu yana zaune. Tsohon derayar ɗinsa, wato ƙarfen nan mai hannu da ke rataye a gefen ƙafar baya yana ɗauke sarƙa daga faranti zuwa faranti, ya riga ya gaji amma yana aiki. Na bar shi da niyyar in na sami dogo mai kyau in sauya. Washegari Gwaggo ta kawo mini tsokar cinya a ganye, na gane godiyar ke nan.

Ana nan sai wani direba ya kawo saƙo daga Dapaong. Idanun aminin Baba sun tafi gaba ɗaya. Ya aiko da ɗan ƙunshi, ya kuma ce a faɗa wa tsohon mahaucin nan in har da sauran ƙafa a jikinsa ya zo su gaisa, amma kada ya zo a mota, don shi yanzu da kunne yake gane mutane, kuma da ƙararrawar keke ya san shi. Wasa ne irin nasu na tsofaffi, kowa a gidan ya gane haka ban da Baba. Ya ce zumunta a ƙafa take, kuma bai taɓa shiga Dapaong a mota ba, ba zai fara yanzu ba. Da aka kwance ƙunshin sai ga derayar sabo fil yana walƙiya.

Gwaggo ta kawo mini shi a gefen zaninta, da umarnin in ɗaura kafin Juma'a. Ina karɓa na gane bai dace ba. Kyan ɗan maciji ne da shi. Na keken tsere ne, irin na samarin da ke sa matsattsun kaya suna gudu a kan kwalta, hannunsa guntu, an yi shi don ƙananan farantai. Mai guntun hannu ba ya iya kai sarƙa kan babban faranti lafiya. In aka tilasta shi sarƙar ta ɗaure tamau, ƙarfen ya miƙe har ƙarshen iyawarsa, sai ya lanƙwashe ya faɗa cikin wayoyin ƙafa. Ƙafar baya ta tsaya cik, mai keke ya tafi ƙasa. Kuma ba a fili yake yin haka ba, sai a tsakiyar hawa, lokacin da mutum ya nemi babban faranti ya kuma taka da dukan ƙarfinsa. Na san hanyar arewa. Akwai hawan Alejo kafin Bafilo, akwai dutsen Defale bayan Kara, ga manyan motoci suna nishi a bayan mutum.

Na zaunar da Gwaggo a bencin rumfa na yi mata bayani dalla-dalla, har na ɗauko wani lanƙwasasshen derayar na nuna mata. Na ce ta faɗa wa Baba ƙarfen nan bai dace da farantansa ba, ina da wani dogo na gwanjo da zai kai shi ya dawo da shi, kuma in ya hau dutse da guntun zai iya kashe shi. Tana jin kalmar ƙarshe ta toshe kunne ta yi a'uziyya. Ta ce in tofar da yawu, ba a yi wa matafiyi mugun baki, kuma ita ba za ta tsaya gaban wanta da maganar mutuwa ana gobe zai kama hanya ba. Na roƙe ta, ta ce za ta san yadda za ta faɗa. Da la'asar ta dawo fuska a sake. Na tambaye ta me ta ce masa. Wai ta ce wancan ya yaba ƙarfen ƙwarai, sai dai ya ce a bi shi a hankali. Baba kuma ya ce dama kyautar amini ba a ajiye ta a akwati, a ɗaura.

Na yi fushi har na rasa wanda zan yi wa. Da yamma na tarar da shi a ƙofar gida yana alwala, tsakaninmu bai fi tabarma ɗaya ba. Maganar tana bakina. Na durƙusa, na gaishe shi, ya amsa wa butarsa, na shige. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce wannan wauta ce, kuma ba zan yi masa musu ba. Amma ni a lokacin ya fi mini sauƙi in ɗaga mota da hannu da in dubi Baba in ce masa ya yi kuskure.

Dabara biyu ta rage mini. Ko in mayar masa da ƙananan farantai, gwiwoyinsa su gaza tun kafin ya bar gari, ko in ɗaura guntun in hana shi kaiwa inda zai yi ɓarna. A jikin kowane derayar akwai ɗan sukuru da ke tsayar da shi kada ya wuce iyaka. Na ɗaure shi sosai, ta yadda sarƙa ba za ta taɓa hawa manyan farantan ba, komai yadda aka ja giya. Na ce a raina in ya zo hawa zai ji nauyi ya sauka ya tura, wataƙila ma ya gaji ya shiga mota a Kara. Tura keke ba ya kashe mutum. Na goge ƙarfen ya ƙara walƙiya, na ba Gwaggo ta kai.

Ya tafi bayan sallar asuba, da buta da bargo da ƙullin goro ɗaure a kariyar keken. Maƙwabta suka fito suna ta addu'a suna yi masa tsiya. Ni ina cikin soro ina leƙe ta tsagar ƙofa, don ɗan fari ba ya rakiya. Na ji ƙararrawarsa har ya sha kwana. Yinin nan ban iya ɗaure ko noti ɗaya daidai ba. Wata mata ta kawo facin taya na yi mata faci a inda ba huda.

Kwana biyu da tafiyarsa Gwaggo ta zo rumfa da murna, waya a hannu. 'Yan'uwanmu na Bafilo sun kira, Baba ya kwana wurinsu lafiya, ya tura kekensa a hawan Alejo yana ta faɗa, ya kuma wuce tun jiya. Sai ta ƙara da abin da ta ɗauka zai ba ni dariya. Wai Baba ya ce masu gyaran Sokode ba su iya aiki ba, giyarsa ta ƙi shiga, amma an kai shi wurin wani bakanike a bakin tasha ya gyara masa tsaf. Ban tsaya yi mata bayani ba. Na kira wayar Baba, a kashe, dama kullum a kashe take a ƙasan jaka don kada caji ya ƙare. Na kira direban da ya kawo saƙon ko zai ba ni lambar wani a gidan Dapaong, bai ɗauka ba. Na jefa dogon derayar ɗin gwanjo a aljihu da 'yan sifanu, na ari babur ɗin maƙwabcina na kama hanya.

A Bafilo na sami bakaniken a ƙarƙashin mangwaro, wani ɗan ƙabilar Kotokoli mai ƙaton ciki da fara'a. Ina tambayarsa tsohon da ya zo da keke sai ya washe baki.

"Tsoho mai gemu? Wani sakarai ya ɗaure masa sukuru har ƙarshe. Ni na kwance. Yanzu giya duka yana shiga."

Na tambaye shi ko ya gwada. Ya ce ya kifa keken ya juya feda da hannu, sarƙa ta hau babban faranti, ta ɗan yi ƙara amma ta hau. A kife, ba mutum a kai, ba tudu, ba kaya. Na so in shaƙe shi, amma me ya yi? An kawo masa giya ba ta shiga, ya sa ta shiga. Ban ce masa ni ne sakaran ba. Na buga babur na bar shi yana tambaya ko lafiya.

Daga nan ban san yadda na bi hanyar ba. Ina tuƙi ina duba kwata hagu da dama. Duk wani tsumma da na hango a gefen titi sai in rage gudu in duba. A Kara na tsaya wurin mahautan kasuwa, don na san ba zai wuce bai gaisa da su ba. Suka ce ai ya kwana a nan, ya ci ya sha, sun yi sun yi ya shiga mota ya ƙi, ya fita da sassafe ya ce yana son ya haye Defale kafin rana ta yi zafi. Na duba sama, rana ta riga ta take. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce in sha ruwa, fuskata ba kyau. Na sha a tsaye, rabinsa ya zube a rigata.

Tun daga gindin dutsen na fara ganin ganye. Haka direbobi ke yi in mota ta lalace ko an yi haɗari, su karyo ɗanyen reshe su jera a kan kwalta don na baya ya rage gudu. Na bi ganyen nan ina salati. A wata kwana, inda hawan ya fi tsanani, ga wata tirela a tsaye ta karkace, tayoyin gabanta sun sauka daga kwalta, an dafa na baya da duwatsu. Ba direba. A bayanta akwai baƙin zane mai tsawo inda taya ta ci birki. Na sauka daga babur. Ban yi nisa ba na ga abin da nake tsoro, ɗan ƙaramin gare mai haƙora na jikin derayar, sabo, yana walƙiya a cikin tsakuwa. Kusa da shi guntayen wayoyin ƙafa. Gaba kaɗan goro a warwatse, mota ta take wasu, da wani tabo a kwalta da ƙudaje ke bi. Ni ɗan mahauci ne, na san jini in na gan shi.

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba, tsoron ya fi ƙarfin kuka. Abin da ke yawo a kaina shi ne alwalar nan ta ƙofar gida, da tabarma ɗaya da ke tsakaninmu.

Wata mata da ke sayar da gawayi a gefen hanya ta taso ta zo. Ba ta jin Hausa, Faransancinta bai fi nawa ba, sai muka haɗa da hannu. Ta nuna gemu, ta nuna keke, ta nuna faɗuwa. Ta nuna tirelar tana tahowa a baya, ta dafe kai. Sannan ta nuna an ɗaga mutum da kekensa an sa a wata mota, ta yi kukan saniya don in gane motar shanu ce, ta miƙa hannu arewa. Na tambaye ta yana magana? Ta rufe idanunta ta langaɓar da kai. Na sake tambaya, ta sake yin haka, sai kuma ta ɗaga kafaɗa. Ta koma wurin buhunanta ta dawo da hular Baba, ta sa mini a hannu. Har yau ban san ko na yi mata godiya ba.

A Kante na shiga asibiti na tambaya, ba a kawo wani tsoho ba. Na ji sanyi kaɗan, sai kuma na tuna mai rai ake tsayawa da shi asibiti. Gwaggo ta yi ta kira ina kallon wayar ban ɗauka ba, don ban san da wane baki zan yi mata magana ba. Na isa Mango rana na faɗuwa, na zaga asibiti da tashar motocin shanu da unguwar mahauta, ba wanda ya ga komai. Wani limami ya ce kada in ci gaba da duhu, hanyar arewa yanzu ba kamar da ba ce, ya ba ni tabarma a masallaci. Da gari ya waye na wuce. A kowane shinge sojoji su karɓi katina su dubi fuskata su tambayi inda za ni, ni kuma in ce gaisuwa, ban san ko gaisuwar rai ba ce ko ta mutuwa.

Na taɓa zuwa gidan aminin Baba sau ɗaya da saƙo, na kuma gane unguwar. Ina shiga layin na kashe babur, na tura shi da ƙafa, ina duba ko zan ga rumfa da tabarmi a ƙofar gida. Ba rumfa. Wata mata tana shanya dawa, awaki suna kai-kawo. Sai na ji ƙarar nan kamar an jefar da kwanon sha. Aka sake bugawa, aka yi dariya.

Suna zaune a ƙarƙashin darbejiya a tsakar gida. Makahon ya jawo keken kusa da shi yana buga ƙararrawa da babban yatsa. Baba yana gefensa a kujerar kwance, an naɗe masa kai da farin bandeji, hannun hagu a rataye a wuya, gefen fuskarsa ya kumbura ya yi baƙi. Ƙafar bayan keken ta murɗe, guntun derayar yana lilo a jikin sarƙa. Na jingina da bango na ce alhamdulillahi ban san sau nawa ba. Sannan na ƙarasa na durƙusa na yi gaisuwa. Baba ya dube ni da ido ɗaya, ya kawar da kai, ya amsa wa darbejiya.

Makahon ya tambayi wane ne. Baba ya ce wancan ne, na Sokode, wataƙila wani aiki ya kawo shi. Daga baya matan gidan suka ba ni labari. Ashe Baba suma ya yi a kan dutsen, ya farfaɗo a cikin motar shanu ya hana a tsaya da shi ko'ina. Ya sa an sauke shi a bakin layi, ya ja keken a kan tayarsa ta gaba kaɗai yana buga ƙararrawa har ƙofar gida, ya kuma gargaɗi kowa kada a faɗa wa amininsa. Su suka kira mai magani ya ɗaure shi.

Aka kawo mini ruwa. Ina sha ina jin Baba yana ba amininsa labarin yadda ƙarfen ya kawo shi kamar iska, bai taɓa hawa Defale da sauƙi irin na bana ba. Sai ya ce, yana magana da iska yadda ya saba in saƙon nawa ne, tunda wancan ya zo, akwai ɗan abin da ya kwance a keken, a miƙe ƙarfen a mayar da shi inda yake, don in ya huta a kansa zai koma gida.

Na ajiye kwanon ruwan. Na waiga, ba Gwaggo, ba kowa da zan ba saƙo. Na ga dutsen nan a idona, wannan karon daga ɗaya gefen, da baƙin zanen birki. Ban shirya ba, na ji dai muryata ta fita, kuma ba ta fita da ladabi ba.

"Baba, ba zan mayar da shi ba. Ƙarfen nan guntu ne, farantanka manya ne. Shi ya kayar da kai. In ka sake hawa dutse da shi, kashe ka zai yi."

Matar da ke daka ta tsaya da taɓarya a sama. Ni kaina na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya, don tun da aka haife ni ban taɓa jera masa magana haka ba. Makahon ne ya fara motsi. Ya lalubo ƙafar keken, ya bi wayoyin da suka karye da yatsa, ya taɓa ƙarfen da ke lilo.

"Tun jiya na ji warin magani a jikinka," in ji shi. "Ido ne ya mutu, hanci yana nan. Ni na zaɓi wannan abu da hannu, na ji shi sumul, na ce ya yi kyau. Ban san keke ba, shanu na sani." Ya juyo wajen da nake. "Kai ka sani tun Sokode?"

Na ce na sani.

"Ka bar shi ya hau?"

Na ce na aika an faɗa masa.

"Ka aika," ya maimaita. Ya girgiza kai. "Ku Hausawa, wannan kunya naku zai binne mutum."

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, yana juya carbi da hannun da ke da lafiya. Na ciro hularsa daga aljihu na ajiye a gefen kujerarsa, tare da ɗan garen da na tsinta a tsakuwa. Ya dubi garen. Sai ya ɗago kai, kuma ba darbejiya ya kalla ba, ni ya kalla, da idon nan guda da bai kumbura ba.

"An ce mini ka yaba shi."

Na ce ban yaba ba.

"Sukurun da aka ɗaure, kai ne?"

Na ce ni ne. Sai ya tambaye ni, da wata murya da ban san yana da ita ba, me na zo da shi. Na fito da dogon derayar ɗin gwanjo. Ba shi da kyan gani, fentinsa ya goge, har da ɗan tsatsa a gindi. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya shi, ya ja dogon hannun ya sake, ya ba amininsa shi ma ya laluba. Makahon ya ce wannan ai mummuna ne. Baba ya ce mummunan za a sa.

Na shiga kasuwar Dapaong na samo wayoyi, na yini ina ɗaure ƙafar a tsakar gidan, su biyun suna hira a kaina kamar ba na nan. Da la'asar na ɗaura dogon, na daidaita sarƙa. Wurin gwaji sai an ɗaga ƙafar baya sama, ga shi ba ni da abin rataya. Ina waige-waigen igiya sai na ji kujera ta motsa. Baba ya taso da ƙyar, ya kama sirdin da hannunsa mai lafiya ya ɗaga. Na ce ya bari, ya ce in yi aikina. Na durƙusa a gabansa na juya feda, na ja giya. Sarƙa ta bi farantan ɗaya bayan ɗaya har ta hau babban, ba ƙara, ba gardama. Hannunsa yana rawa saboda nauyi.

"Sake in gani," in ji shi.

Na sake.

A mota muka koma Sokode, keken da babur ɗin maƙwabcina a ɗaure a sama, shi a gaba ni a baya. Makahon ne ya yanke wannan hukunci, Baba kuma bai yi musu ba. Da muka zo kwanar nan ta Defale an riga an janye tirelar, sai busasshen ganye a gefen hanya. Na rufe ido har muka wuce. Da na buɗe na ga ya juyo yana miƙo mini ɓarin goro ta saman kujera.